Kafin ka sa hannu, wa ka tambaya?

A makon jiya aka kira mu taro a ƙofar gidan mai unguwa, aka ce shawara za a yi kan inda za a kafa sabon famfon jama'a. An shimfiɗa tabarmi, an jera wa baƙi kujerun roba, mata suka tsaya ta gefen zaure, wasu da goyo a baya. Saurayin da ya zo da takarda ya karanta ta da Faransanci, ya gutsuro mana kanun maganar da Hausa, sannan ya ambaci wurin da aka zaɓa.

Wata dattijuwa ta matso ta ce, "Ɗana, ai can kan tudu ne. Masu famfo a gidajensu a can sai tsakar dare suke jin motsinsa, wani lokaci ma iska kawai yake fitarwa. Don me ba za a sauko da shi gangare ba?" 'Yan garuwa biyu da ke jingine da kurarsu suka gyaɗa kai. Saurayin ya russuna ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, wannan an riga an yanke shi."

Ban ga laifin yaron ba, aiko shi aka yi. Haushina yana kan wanda ya sa hannu a takardar bai aiko an tambayi masu kwana a layin ruwa ba, sai da ya gama sannan ya sa aka tara mu mu ce amin.

Ga inda na tsaya. Duk wanda Allah ya ɗora wa faɗin maganar ƙarshe, gwamna ne, ko mai gari, ko daraktan lakwal, ko uba a cikin gidansa, akwai bashi a wuyansa kafin ya buɗe baki. Bashin shi ne ya tashi da ƙafarsa ya nemo mutumin da zai ce masa "ba haka ba ne", ya saurare shi har ya kai aya, sannan ya auna. Wannan aikin nasa ne shi kaɗai. Ba ya sauka daga kansa don yana da masu ba shi shawara, ba ya kuma sauka don an yi taro an ɗauki hoto.

A Damagaram kuskuren mai hukunci tsada gare shi, musamman a kan ruwa. Garin nan a kan dutse yake zaune, ruwan da muke sha daga nesa ake janyo shi, daga Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da ake ambata na ɗauke babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926. A gari irin wannan, famfon da aka kafa inda ruwa ba ya hawa yana nufin yarinyar da za ta makara a lakwal kullum saboda jarka, da magidancin da kuɗin cefanensa zai ƙare a hannun mai garuwa in bazara ta yi tsanani.

Me nake nufi da aunawa?

Wasu suna jin an ce zurfin tunani sai su ɗauka wani karatu ne da sai an je Jami'ar André Salifou ake samunsa. Tambayoyi ne da kowane mai hankali ya iya. Wannan labarin daga bakin wa na ji shi? Shi ya gani da idonsa, ko shi ma ji ya yi? Me zai samu in na yarda da shi? In na yi kuskure, a kan wa zai faɗa? Sai kuma wadda ta fi su wuya: me za a nuna mini in yarda cewa ban yi daidai ba? Mutumin da ba shi da amsar wannan ta ƙarshe ya gama yanke hukunci tun kafin ya zauna, abin da ya rage masa neman masu tafi.

Mun iya wannan aiki ƙwarai in kuɗinmu ne a ciki. Je ka kasuwar dabbobi ana gab da layya ka ga yadda magidanci ke buɗe bakin rago ya duba haƙora, ya shafa gadon baya, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa, dillali na rantsuwa shi kuma bai fasa dubawa ba. Mutumin nan ne kuma, in ya zauna a kujerar ofis, zai karɓi rahoto shafi guda daga hannun wanda ke neman yardarsa ya sa hannu a kan abin da ya shafi gidaje ɗari.

Addini bai bar mu a duhu ba a nan. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta ce a bincika labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cutar da wasu mutane cikin rashin sani a wayi gari ana nadama. An kuma hana alƙali yin hukunci yana cikin fushi. Yau da saƙon murya na WhatsApp yake zagaye gari kafin a idar da sallar la'asar, shugaban da zai kori ma'aikaci ko ya rufe wa wani shago saboda "an turo mini" ya saɓa wa abin da yake karantawa kowace safiya.

"Ina lokacin duk wannan?"

Wannan ce hujjar da aka fi kawo mini, kuma tana da ƙamshin gaskiya. Akwai ranar da ba a zaman shawara. Daminar 2024, wadda ruwanta ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a farkon watan Satumba, ta nuna mana haka. In ruwa ya shigo ɗaki da dare, kwashe yara ake yi, ba a jiran kwamiti.

Amma a duba da kyau, hukunci nawa ne irin wannan? Yawancin abin da ke zama gaggawa da damina, da rani aka ƙulla shi, lokacin da babu abin da ke korar kowa. Wanda ya yanka filaye a bakin tabki ko a kan hanyar ruwa yana da watanni a gabansa da zai tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa yake bi in an yi mamako. Tambayar ba ta cin yini guda. Rashin lokaci da ake faɗa, sau da yawa rashin son jin amsar ne, domin amsar za ta ɓata lissafin da aka riga aka yi.

"Talaka me ya sani?"

Ba a cika faɗin wannan a fili ba, amma ana aiki da ita. Ni kuwa duk wanda ya raina sanin mutumin karkara, ina so ya bi hanyar Mirya ko Matamai ko Magarya ya kalli gonaki.

Tun zamanin Turawa dokar daji ta ɗauki itatuwa a matsayin abin da hukuma ke tsaro, kuma aka ci gaba a haka bayan samun 'yanci a 1960. Niyyar mai kyau ce, ana so a hana hamada cin ƙasa. A lokacin, manomi ba ya sare reshen gawo a cikin gonarsa sai da izini, in ma'aikatan gandun daji suka same shi tara ce. A kan takarda wannan kariya ce ga itace. A gona kuwa, mutum ya gane cewa duk tsiron da ya bari ya girma ya zame masa abin jawo fitina, kuma ba shi zai more shi ba. Me zai sa ya bar shi? Da sassabe ya zo sai ya share komai.

Bayan farin shekarun 1970 da na 1984 aka zuba kuɗi wajen dashen itatuwa, aka yi ta raba 'ya'yan itace daga gandun reno, da yawa suka mutu kafin su kai shekara. Abin da ya farfaɗo da ƙasar daga hannun manoma ya fito. Da riƙon hukuma ya sassauta, mutane suka fara jin cewa itacen gonarsu nasu ne, sai suka koma barin tsiron da ke fitowa daga tsohon kututture, su zaɓi mai ƙarfi su gyara shi su rage sauran. Shi ake kira sassaben zamani. Manomi ya daɗe da sanin halin gawo: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da awaki. Masu bincike sun ƙiyasta cewa kusan hekta miliyan 5 ne suka sake yin itace ta wannan hanya a Nijar, kuma kudancin jihar Damagaram yana cikin inda abin ya fi yawa.

Abin da ke ci mini rai a wannan tarihi shi ne shekarun da aka ɓata. Masu dokar ba mugaye ba ne, ba kuma jahilai ba ne, da yawansu sun yi karatun daji mai zurfi. Tambaya guda suka tsallake: in na kafa wannan doka, me mai gonar zai yi gobe da safe? Da wani ya zauna a gindin rumbu da manoma biyar ya yi musu ita, da ya ji amsar kafin shayi ya huce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ban ce duk abin da talaka ya faɗa daidai ne ba. Injiniya ya san ƙarfin bututu da faɗinsa, dattijuwa ba ta sani ba. Ita kuma ta san ƙarfe nawa ruwa ke zuwa a layinsu, shi bai sani ba. Mai hukunci shi ne wanda aka ɗora wa haɗa sanin biyun, kuma in ya ɗauki ɗaya ya yar da ɗaya, rabin aikinsa ya yi.

"Shugaba mai yawan tambaya ba shi da kwarjini"

Akwai wannan tunani a cikinmu, cewa babba in ya faɗi magana ba ya janyewa, in ya janye an raina shi. Ina ganin shi ne ya fi komai hana manyanmu aunawa, domin wanda ya san ba zai iya komawa baya ba gara masa kada ma ya ji abin da zai sa shi shakka.

Malaman tarihi sun kawo cewa a ranar Badar, da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauke runduna a wani wuri, Hubab ɗan Munzir ya tambaye shi ko wahayi ne ya zaɓi wurin ko dabarar yaƙi ce. Da ya ji dabara ce, sai ya ce a matsa gaba zuwa rijiyar da ta fi kusa da abokan gaba. Aka tashi aka koma inda ya nuna. Sayyidina Umar kuma, a wasiƙarsa ga Abu Musa al-Ash'ari kan alƙalanci, ya gargaɗe shi kada hukuncin da ya yi jiya ya hana shi komawa ga gaskiya in ya sake dubawa ya gane ta. Wane mai kujera ne a cikinmu ya fi waɗannan kwarjini?

Mu da muka ga 2005 mun san farashin ƙin komawa baya. Damina ta gaza a 2004, fara ta biyo. A farkon 2005 aka ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi irin su madara da fulawa da sukari, har da ruwa da lantarki, a daidai lokacin da rumbuna ke ƙarewa. Sai da jama'a suka fito zanga-zanga, garuruwa suka rufe shaguna, sannan gwamnati ta janye shi daga kan wasu kayan a watan Afrilu. An kuma daɗe ana riƙe da tsarin sayar da hatsi da rahusa don gudun ɓata kasuwa, alhali wanda ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe ko rahusar ba ya iya biya. Rabon abinci kyauta bai kankama ba sai da damina ta yi nisa. Marigayi shugaba Tandja Mamadou, Allah ya jiƙansa, ya yi ta musanta cewa yunwa ce ake ciki, a lokacin da cibiyoyin kula da yara masu tamowa a Maraɗi da Damagaram suka cika.

A 2010 ƙarancin abinci ya sake dawowa, hukumomin riƙon ƙwarya na lokacin suka amsa da wuri cewa akwai matsala, suka nemi agaji. Ba wanda ya raina su don sun faɗi gaskiya.

"Daga sama aka ce"

Wannan ita ce mafakar na tsakiya: shugaban sashe, magatakarda, mai unguwa. Gaskiya ne ba shi ya ƙirƙiro umarnin ba. Sai dai shi ne idon na sama. In ya ga umarnin ba zai zauna a ƙasarsa ba ya yi shiru, ya bar shugabansa cikin duhu, ya kuma bar jama'arsa cikin wahala. Rubuta layi uku a ce "ranka ya daɗe, wurin nan ruwa ba ya kaiwa, ga abin da mutanen unguwa suka ce" ba tawaye ba ne. Amana ce.

Na saman ma yana da nasa. In duk wanda ya kawo maka labari marar daɗi sai ka ɗaure masa fuska, ba za a daɗe ba za ka wayi gari babu kowa a kusa da kai sai masu "gaskiya ne, ranka ya daɗe". Tun daga watan Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi aka naɗa masu riƙo, hukunce-hukunce da yawa da a da sai an yi muhawara a kansu sun dawo hannun mutum guda. Ko mutum yana goyon bayan wannan tsari ko ba ya yi, abu ɗaya a fili yake: kansilan da zai miƙe ya ce "ban yarda ba" ba ya nan, don haka mai riƙon ne ya wajaba ya fita ya nemo wannan muryar da kansa.

Inda shawara kaɗai ba ta isa ba

Akwai gaskiyar da masu sukar ra'ayina suke da ita, kuma ba zan ɓoye ta ba. Taro yakan zama na masu baki. Mai kuɗi da mai murya su cinye shi, bazawara da baƙo da makiyayin da ke daji ba a ji su ba. Wani lokaci kuma kowa da gaskiyarsa, ba yadda za a yi a gamsar da duka.

Dubi ranar sakin gonaki. Kowace kaka sai hukuma ta tsai da ranar da dabbobi za su iya shiga gonaki su ci kara. Manomi yana so a jinkirta, wakensa bai gama bushewa ba, dawarsa na tsaye. Makiyayi yana so a gaggauta, tabkunan arewa sun fara ƙafewa, shanu sun juyo kudu, burtalin da zai bi wani ya noma rabinsa. Babu maƙaryaci a cikinsu. In aka yi kuskuren mako biyu ta kowane gefe, abin yakan kai ga jini.

A nan ƙidaya hannuwa a zauren taro ba ta raba gardama. Mai hukunci sai ya aika a duba gonaki, ya san cewa ranar da ta dace da Tanut ba lallai ta dace da Magarya ba, ya ji ta bakin ardo kamar yadda ya ji ta bakin mai gari, ya tambayi kansa wanne ne cikin kura-kuran biyu ake iya gyarawa. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye da ke haɗa hukuma da sarakuna da wakilan manoma da na makiyaya saboda irin wannan. Bayan an ji kowa, mutum ɗaya ne zai tsai da rana, wani zai tafi gida da fushi. Wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne ya tsai da ita don shekarar bara ma ita aka sa, ko don wanda ya fi kusa da kunnensa yana da garke ko yana da gona.

Kada mu ɗauka maganar ta ma'aikata ce kawai. Uban da zai cire 'yarsa daga lakwal ya aurar da ita shi ma mai sa hannu ne, kuma hukuncinsa ya fi na gwamna daɗewa a jikin wadda ya faɗa wa. Shari'a ta ce a nemi izinin budurwa. Ya tambaye ta? Ya tambayi uwarta a inda za ta iya faɗin abin da ke ranta? Ya binciki yaron daga bakin wanda ba ɗan aikensa ba? In auren ya mutu bayan shekara a ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita, amma ba ta ɗauke wa kowa tambayar da Allah zai yi masa kan abin da aka ba shi kiwo.

Abin da nake roƙo ga masu riƙe da al'amuranmu a wannan gari bai fi ƙarfinsu ba. In za a kira mutane shawara, a kira su takarda tana fara, kafin tawada ta hau. In an yanke hukunci, a faɗi dalilinsa tare da shi: ga abin da muka duba, ga waɗanda muka ji ta bakinsu, ga abin da suka kawo da ba mu ɗauka ba da dalilin ƙin ɗaukarsa. Mutumin da ya san zai tsaya gaban jama'a ya faɗi dalili, tun a ofis zai fara tunani.

A kuma faɗe shi da harshen da mutane ke ji. Kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, gidajen rediyo kuma suna nan a gari da ƙauye, don haka babu uzurin karanta wa mutane abin da ya shafi ruwansu da gonarsu da Faransanci a gutsura musu saura. Kowane hukunci kuma a yanka masa ranar da za a dawo a duba shi, bayan wata shida ko bayan damina guda, a tambayi waɗanda ya shafa ko ya yi aiki, in bai yi ba a sauya shi a gaban kowa.